Tambayar da Ban Yi wa Baba Shekwolo Ba

Wuse, Abuja.

Zuwa ga 'yata Hadiza,

Assalamu alaikum, Uwata. Ina gaishe ki da kyau, duk da cewa bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, kuma tun safe nake jin kina jan akwati kina faɗa da zif. Ina roƙon Allah ya sa tafiyar nan ta zama ta alheri, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki. Mamanki ta ce abin dariya ne mutum ya rubuta wa 'yarsa wasiƙa alhali tuwon gida ɗaya suke ci. Na ce mata ni na san halina. Idan na zaunar da ke, ba za a yi minti biyar ba na koma oga na fara lacca, ke kuma ki sunkuyar da kai kina ta "to Abba, to Abba" har in gaji. A takarda dai ba ni da damar ɗaga murya.

Ga shi kin zama injiniya, an ɗauke ki aikin hanya, za a tura ki can cikin duwatsun Taraba ki ratsa gonakin mutane da titi. Ba zan koya miki aikinki ba, na'urorin da kike riƙewa yanzu ko kunna su ban iya ba. Abin da nake da shi kura-kuraina ne, da labarin mutanen da suka nuna mini su bayan na tsufa. Kin san ina fita kowace Laraba, kina ma tsokanata wai Abba ya tafi firamare. Ba ki san abin da na aikata a can ba, don ban taɓa faɗa a gida ba.

Na zo garin nan tun babu gari. Ina saurayi, sabon safiyo, aka turo mu daga Legas mu auna ƙasa kafin gwamnati ta tattaro kujerunta ta dawo nan. Muna kwana a tanti, mu yini da kamfas da sarƙar awo muna kafa turakun siminti. Da idona na ga lokacin da manyan motoci suka fara shigowa da tebura da fayil-fayil, ma'aikata na sauka suna tambayar ina kasuwa. Na daɗe ina ji a raina kamar ni na haifi garin nan. Duk titin da muka bi sai na ce muku ni na ja layinsa, ku kuma ku gyaɗa kai don a zauna lafiya.

Da na yi ritaya sai na gane ashe wayata ba ni take nema ba, kujerata take nema. Ta yi tsit. Wata uku ina tashi in yi wanka, in sa kaftani mai guga, in zauna a falo ina gyara wa mai karanta labarai a talabijin Turanci. Har kicin na fara shiga ina tambayar mamanki dalilin da ya sa albasa take rigan tumatir shiga tukunya. Ranar da haƙurinta ya ƙare ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, ko dai ka nemi inda za ka riƙa fita, ko ni in nema." Ita ce ta ji labarin ajin Laraba a bakin wata maƙwabciya, ita ce kuma ta tura ni kusan da ƙarfi.

Rumfa ce ta kwano a bayan wata makarantar firamare a nan Wuse, da benci shida da allo ɗaya. Wadda ta fara tara mutanen ita ce Malama Rifkatu, tsohuwar shugabar makaranta daga kudancin Kaduna, gajeriyar mace wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ban kuma taɓa ganin wanda ya yi mata musu sau biyu ba. Ba wanda ya ɗauke ta aikin, ba wanda yake biyanta. Tsarinsu shi ne wannan watan kai ne a gaban allo, wata mai zuwa ka koma benci wani ya tashi. Alhaji Sabo, tsohon direba, yana koya wa mutane su gane ciwon mota da kunne kafin bakanike ya yi musu wayo. Wata tsohuwar nas tana koyar da awon jini. Wani Bakano da ya bar wa 'ya'yansa shagon yadi a kasuwar Wuse yana rufe mana ido da ƙyalle ya sa mu bambance shadda ta gaske da jabu da yatsa. Na ga tsohon alƙali yana gumi a kan yadda ake tura hoto a waya, tsohon masinja na tsaye a kansa yana cewa, "A'a ranka ya daɗe, sake dannawa."

Yau ina ba ki labarin nan da sha'awa, amma ranar farko da raini na je. Ina shiga na tambaya wane ne ciyaman, ina kuma kundin tsarin mulkin ƙungiya. Malama Rifkatu ta dube ni daga hula har takalmi, ta ce, "Sannu da zuwa. Wanda ya zo sabo shi yake share rumfa." Ta miƙo mini tsintsiya. Na share, ina huci, da kaftanina mai guga. Uwata, duk inda kika je kika tarar mutane sun riga ki haɗa wani abu yana tafiya, kada ki fara da tambayar wa ke shugabanta. Ki duba abin da ke buƙatar hannu ki sa naki. Takardar digirinki ba za ta ƙone ba don kin ɗauki tsintsiya.

Suna da wata al'ada da na ɗauka ɓata lokaci ce. Duk wanda watansa ya kama, kafin ya taɓa alli, sai ya bi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya ya tambayi kowa, "Me ka zo nema?" Ya tsaya ya ji amsa, ko da za a cinye rabin lokacin a kan haka. Da nawa watan ya zo, aka ce in koyar da karatun taswira. Na yi sati biyu ina shiri, na buga bayanai shafi-shafi, na ɗauko tsohuwar taswirar da muka zana da hannunmu na manna a allo. Na gyara murya na fara. Malama Rifkatu ta matso ta ce mini a hankali, "Malam Isyaku, ba ka yi tambayar ba." Na ce mata lokaci ya yi kaɗan, kuma ai kowa ya san abin da ya zo nema, taswira. Ta koma ta zauna.

A bencin gaba akwai wani dattijo, Baba Shekwolo. Bagwari ne, ko in faɗa yadda su suke so, Gbagyi. Manomin doya ne, ya girme ni da 'yan shekaru, kuma mota biyu yake hawa daga ƙauyen da aka mayar da su can bayan gari kafin ya iso rumfar. Bai taɓa aikin gwamnati ba. Idan aka tambaye shi daga wace ma'aikata ya yi ritaya sai ya buga gwiwarsa ya ce, "Wannan ne ya ba ni takardar sallama." A watan da ya gabata shi ya koyar da yadda ake adana doya ta kai bazara ba ta ruɓe ba, ni kuwa sau ɗaya na halarta, don a ganina ba darasi ba ne. Yanar ido ta fara kama shi, saboda haka yakan taso har gaban allo ya kusan manna fuskarsa da takarda. Kullum wuri ɗaya yake ɗora yatsa.

"Oga, nan wurin, mene ne ya rubuta?"

"Daji," na ce.

"Ba daji ba ne."

Na yi murmushi na ci gaba da bayanin ma'auni. Laraba ta biyu ya sake tasowa, ya sake ɗora yatsa, muka sake yin wannan magana kalma da kalma. A ta uku ina tsakiyar bayanin da na fi ji da shi ya katse ni, raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, taswirar nan ta gwamnati ce, kuma ni na auna wurin da hannuna. Idan an rubuta daji, to daji ne. Ka zauna ka bar masu karatu su ƙaru." Rumfa ta yi tsit, har ana jin yaran makaranta suna bitar haruffa a ajinsu. Baba Shekwolo ya koma benci ya ɗauki hularsa da sandarsa, ya ce wa jama'a sai an jima, ya fita.

Ina so ki lura da kalmar da na faɗa, masu karatu. Ita ce ta yi ɓarnar, kuma ita ce za ta fi saurin zuwa bakinki a can, ranar da rana ta yi zafi, aiki ya tsaya, wani tsoho ya tare ki yana maimaita magana ɗaya. Mutum ba ya maimaita magana sau uku a gaban jama'a don jin daɗi. Idan kika ga haka ki ajiye abin da ke hannunki ki ce masa, "Baba, faɗa mini." Ba zai ci miki rabin awa ba.

Malama Rifkatu ba ta kunyata ni a gaban mutane ba, ko da yake na cancanta. Sai da kowa ya watse ta buɗe jakarta ta ciro wani littafin rubutu irin na 'yan firamare, inda take rubuta amsar kowa tun ranar da ya fara zuwa. Ta buɗe shafin Baba Shekwolo ta miƙo mini. Layi biyu ne kawai. Ya ce ya zo ne ya koyi karanta taswira don ya gano inda aka binne mahaifiyarsa, kuma yana so ya ga wurin da idonsa kafin idon ya rufe, don likita ya ce masa ganin ba zai daɗe ba. Ta ce, "Shekara guda yana jira a samu mai koyar da taswira. Ranar da ka shigo ka ce kai safiyo ne, har rawa ya taka a bakin rumfar nan. Kowa a ajin nan ya sani, kai kaɗai ne ba ka tambaya ba." Na dawo gida ranar ko abincin rana ban iya ci ba, mamanki ta zaci zazzaɓi ne.

To, ki ji abin da babanki mai hankali ya yi don ya gyara. Na zauna na rubuta masa wasiƙar ban haƙuri da Turanci, na kai aka buga, na sa kwanan wata da kanun magana, na ja layi a ƙarƙashi, na sa hannu. Na ba Alhaji Sabo ya kai masa tunda ya san gidan. Sati biyu ina jiran amsa, har na fara cewa a raina dattijon nan yana da riƙo. Da na gaji na tambayi Alhaji Sabo, sai ya kalle ni kamar zai yi kuka don dariya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mutumin da bai yi boko ba, idonsa kuma ba ya gani sosai, shi ka aika wa takarda da Turanci? Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Da na koma na tarar matarsa ta ƙunshe irin kuɓewa a ciki." Shekara talatin da wani abu a ofis sun koya mini cewa idan ka rubuta ka aika, ka sauke nauyi. Ba haka ba ne, Uwata. Idan kika ɓata wa mutum a gaban jama'a, da ƙafarki za ki je, kuma kada ki bari kwana ya yi yawa, don shi kwanakin suna da tsada a wurinsa. Sati biyun nan daga cikin ganin da ya rage wa Baba Shekwolo na cinye su.

Na je. Na same shi a gindin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya da lalube. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo gasasshiyar doya da manja. Na fara jero ban haƙurin da na haddace a mota, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Oga, ci doya tukuna. Ai ka taɓa cin doyan gidanmu."

Na ce ban gane ba.

"Ku uku ne kuka zo, da sarƙa da wannan abu mai ƙafa uku. Kai ne ƙarami, kana rubutu da hagu. Uwana ya ba ku ruwa, ya gasa muku doya. Ya yi ta dariya, ya ce yaron nan hannunsa ya ɓace hanya. Ni ne na tsaya ina juya muku magana. Ya ce in tambaye ka me kake rubutawa, ka ce kana rubuta ƙasarmu ne don gwamnati ya san da mu. Ya ce to ka rubuta da kyau."

Mahaifiyarsa yake nufi, Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Ya ce tun ranar da na ɗauki alli da hagu a rumfa ya gane ni. Damina biyu bayan zuwanmu tsohuwar ta rasu, suka binne ta a bayan ɗakinta yadda suke yi. Ba a jima ba aka kwashe su, katafila ta shiga. Da ya dawo bayan shekaru neman wurin, dutsen da suke shanya a kai an fasa shi, rafin an tura shi ƙarƙashin ƙasa, ɗorawar ƙofar gidansu ko kututturenta babu. Ya yi ta yawo a cikin gine-gine kamar baƙo, har wani mai gadi ya kore shi.

Wallahi ban tuna fuskar matar ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Ina iya cewa gidajen ba su fi shida ba, ina iya cewa ana matsa mana mu gama da wuri. Gaskiyar ita ce rana ta yi zafi, na ƙoshi, ina so in koma tanti. Jan sarƙa daga inda na kafa na'ura zuwa ƙofar gidajen nan da tambayar sunan wurin ba za su ɗauke ni minti goma ba. Ban yi ba, mai zane a ofis kuma ya ga fili babu komai ya rubuta daji.

Kin san akwatin ƙarfen nan da mamanki take barazanar bai wa 'yan gwangwan duk shekara. Littattafan awona na daji ne a ciki. Na kwana uku ina bin su shafi-shafi har na samu ranar. Ga lambar turke, ga kusurwoyi, komai tsaf da rubutuna na ƙuruciya mai kyau. A gefen shafin na rubuta, "Mun huta, ruwa mai sanyi." Iyakar abin da na rubuta game da su ke nan. Na yabi ruwan, ban ambaci wadda ta ba ni ba.

A nan ne na ga abin da ya sa nake girmama mutanen rumfar nan fiye da duk wani kwamiti da na taɓa zama a cikinsa. Na kai littafin na faɗi laifina a gabansu, ina jiran a yi mini wa'azi. Malama Rifkatu ta ce, "To, wata mai zuwa malamai biyu ne. Baba zai faɗi abin da ke wurin da, Malam Isyaku zai auna. Kowa ya zo da takalmin tafiya." Ba a kafa ƙaramin kwamiti ba, ba a ɗage zama ba. Alhaji Sabo ya je da kansa ya ɗauko Baba Shekwolo, aka tarbe shi da tafi, ni kuma na tashi na ba shi alli duk da ba abin da zai rubuta da shi.

Ya koyar da mu garin da muke zaune a kai ba mu sani ba. Ya faɗi inda mata suke ɗiban yumɓu, da inda ake tsallake rafi da damina, da hanyar da ake bi da doya a kafaɗa zuwa kasuwa. Malama Rifkatu tana rubutawa, Bakanon nan mai yadi yana ta salati yana cewa, "Ashe shagona a gonar wani yake." Sannan ya faɗi abin da ya sa na miƙe tsaye. Ya ce idan ka tsaya a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa ka dubi arewa, wani ƙaramin dutse yana ɓuya daidai a bayan babban nan mai tsagaggen kai, ko kunnensa ba ka gani. Duwatsun nan biyu katafila ba ta kai gare su ba. Ga mai awo, wannan layi ne miƙaƙƙe da ba ya ƙarya. Alhaji Sabo kuma, wanda ya ja tifa a shekarun ginin gari kafin ya shiga aikin gwamnati, ya tuna inda aka binne rafin a cikin kwalbati, don shi ya yi ta zuba yashi a wurin. Da rafin na gano inda turkena yake a da.

Laraba huɗu muka yi muna yawo. Ki ƙiyasta tsofaffi goma sha biyu a gefen titi, mai sanda da mai lema, nas ɗinmu na biye da mu da gorar ruwa tana yi wa kowa barazanar awon jini. Gine-gine sun tare duwatsun, sai da muka roƙi a bar mu mu hau saman wani bene mai hawa uku. Mai gadin ya ga mun doso shi a jere ya zaci zanga-zangar 'yan fansho ce, ya ruga ya kira manaja. Muka hau muna hutawa a kowane hawa. Tsohon alƙali ne ya riƙe mini ƙarshen tef, kuma ya riƙe da kyau. Ba wanda ya yi ƙorafi ko sau ɗaya, alhali babu wanda ya san matar nan a cikinsu, kuma ba addini ɗaya ko yare ɗaya ya haɗa mu ba. Duk Laraba Baba Shekwolo yana ƙara matso da abu kusa da fuskarsa kafin ya gane shi, kowa yana lura, ba mai magana, sai dai a ƙara sauri.

Layukan suka haɗu a cikin tashar motar Utako. Na sake lissafin sau uku don ban so haka ba, amma nan ne. Muka shiga da hantsi, tasha ta cika maƙil, 'yan kamasho na ta kiran garuruwa, masu kaya na ture mu. Wani ya tare mu yana cewa, "Baba ina za ku? Kaduna? Jos? Saura mutum biyu!" Malama Rifkatu ta ja shugaban 'yan kamashon gefe ta yi masa bayani. Ban san me ta ce masa ba, na dai ga ya cire hular kansa, ya daka tsawa aka ja wata doguwar bas baya, aka matsar da teburin mai shayi. Na auna, na ja layi da alli a kan kwalta daga kusa da rumfar tikiti zuwa gindin wata katanga. Taki talatin ne.

Baba Shekwolo ya sunkuya ya bi farin layin da ido har ƙarshensa. Ya ce, "Oga, nan ne, ko can?"

Uwata, a duk shekarun aikina ban tuna ranar da na ce wa wani ban sani ba. Kullum akwai amsa, ko ta gaskiya ko ta ofis. Ina iya nuna masa ko'ina a kan layin nan in ce nan ne, zai yarda, ya tafi da farin ciki, ba kuma wanda zai taɓa kama ni. Na ji Alhaji Sabo yana taɓa mini gwiwar hannu, na san abin da yake so in yi. Na ce, "Baba, ban sani ba. Tana tsakanin nan da can. Da na ja sarƙa zuwa ƙofarta a ranar, da yau na ɗora ka a kan wurin daidai. Ban ja ba."

Baba Shekwolo ya miƙa wa Malama Rifkatu sandarsa, ya tuɓe takalmansa ya ajiye a gefe. Ya ce, "Ba komai. Ya san tafiyana. Zan bi duka." Ya taka kwaltar nan mai zafi da ƙafa ba takalmi, daga rumfar tikiti zuwa katanga, a hankali, yana magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Ya juyo ya dawo. Ya sake komawa. Direbobi suka kashe injin ba wanda ya ce su kashe. Wata mata mai jiran mota ta tambaye ni me tsohon yake nema, nas ɗinmu ce ta gaya mata, matar ta rufe baki da gyale. Da ya gama ya zo gabana ya ce in buɗe taswirar. Ya ce, "Sunan wurin Zhibwi. Yanzu ka rubuta da kyau." Na durƙusa na ɗora takardar a gwiwa, na soke daji, na rubuta.

Idonsa ya rufe kafin ƙarshen daminar nan. Har yanzu yana zuwa rumfa, Alhaji Sabo ke ɗauko shi, kuma a watan jiya ma shi ya koyar. Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Amma ni na san cewa mutumin nan ya cancanci wuri ɗaya da zai tsaya ya ce nan uwata take, ni kuma taki talatin na iya ba shi, kuma babu ilimin da zai rage su yanzu. Ke za ki riƙe na'urar da ta fi tawa sau dubu. Duk gidan da aka ba ki ruwa, ki tambayi sunan mai gidan da sunan wurin, ki tambayi inda suka binne nasu, ki auna har bakin ƙofa, ki rubuta a ranar kafin ki koma masauki. Ko oganki ya ce babu lokaci, ki ce masa minti goma ne.

Jibi idan muka raka ki, a tashar nan za ki hau mota. Allin ya daɗe da gogewa, kuma ba zan nuna miki wurin a gaban mutane ba. Idan kin wuce rumfar tikiti kika ga na rage sauri, ke ma ki rage, ki daina jan akwatin ki ɗauke shi a hannu.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum da sharrin ranki. Allah ya sa ki gama da kowa lafiya, ya sa duk garin da titinki ya ratsa su riƙa tuna ki da alheri. Ya dawo mana da ke muna raye, cikin ƙoshin lafiya. Mamanki tana sa miki albarka, ni ma na sa, duniya da lahira.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isyaku